Shekarar da Masu Bi Suka Ci Dusar Inna

Matar Fasto ce ta tono wannan zance, ba ni na neme shi ba. Ranar Laraba ta zo har gida cikin yayyafi, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce matan zumunta na son in yi musu magana a kan yadda mutum zai ƙarfafa bangaskiyarsa ta wurin karatu da bimbini da hidima, wai tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga farkon ikilisiyarmu a nan Kona, kusa da Jalingo. Har da 'yar takarda ta kawo, an jera mini abin da zan faɗa, ɗaya, biyu, uku. Na ce ta mayar da takardarta cikin jaka. Muna cikin haka sai ga wani mutum ya wuce ta bayan danga da tankin feshi a bayansa, zai je kashe ciyawa a gonar maƙwabcinmu. Gonar da a da sai an tara gayya an wuni a duƙe, shi kaɗai zai gama ta kafin rana ta take. Iska ta kawo mini warin jiƙaƙƙiyar ciyawa, sai tsohon haushi ya dawo mini sabo. Na ɗauka na huce tuntuni, ashe ƙarya nake yi wa kaina.

Zamanin Turawa ne. Jalingo a lokacin kasuwa ce da 'yan unguwanni, in ka wuce rafin Mayo Gwoi sai daji. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai, ɗan abin da ya tsira kuma fara ta sauka ta share. Kafin sabon ruwa ya zauna rumbuna sun koma wofi, har ɓeraye sun bar su. Kamar wannan bai isa ba, dogarai suka zo suka zaɓi maza masu ƙarfi suka kora su aikin hanya wajen garin Mutum Biyu. Mijina na cikinsu. Ban cika shekara biyu da aure ba, sai na tattara 'yan komatsaina na koma wurin mahaifiyata, don ita kaɗai ce a gida, babana ya daɗe da rasuwa.

Inna mai giya ce. Ban taɓa ɓoyewa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Burukutu take dafawa, da shi ta ci da ni, da shi ta sa mini zane, kuma duk Kona an san tukunyarta. Ba ta bi sabon addinin da Mishan ta kawo ba, ba ta kuma hana ni ba. Ranar da na ce mata na shiga ajin masu bi, cewa ta yi in je, amma in zan yi abu in yi shi da gaske, don ita ba ta haifi mai wasa da Allah ba, ko Allahn wa ne.

Na kuwa yi da gaske. Shekara uku ina ajin baftisma a hannun Malam Istifanus, mai bisharar da Mishan ta aiko mana daga ƙetaren Binuwai. Kowane ɗan aji yana da kati, duk ranar da ka zo Malam zai huda shi da ƙusa. Nawa ya cika da huji har sai da aka ɗinka masa wani. Sau ɗaya a shekara Baturen Mishan yake zuwa ya yi wa 'yan aji tambayoyi, wanda ya ci a kai shi rafi a yi masa baftisma, a ba shi sabon suna. Ni na daɗe da zaɓen nawa, Rahila. Na rubuta shi a ƙasa da yatsa ya fi a ƙirga, kaji suna bi suna gogewa. Littafin Allah ɗaya ne tak gare mu duk ajin, kowa da ranar da yake kwana a wurinsa. Tawa ranar Alhamis ce, kuma ina jiranta fiye da yadda nake jiran ranar kasuwa.

Sai in gaya muku yadda muke noma, don a nan maganar take. A Kona ba mai iya gama gonarsa shi kaɗai, gayya ake yi. Mai gona ya dafa giya, mutane su zo da fartanyoyinsu, a yi masa aiki a sha, gobe a koma ta wani. Masu bi suka ce ba sa shan giya, suka fita daga gayyar gari suka kafa tasu, ta kunu. Ban ga laifin wannan ba. Damina uku ina cikinta. Na nome gonar Malam, na nome gonar ikilisiya, ba gidan mai bi ɗaya da gumina bai zuba a kunyar gonarsa ba. A shekarar yunwa kunun ma ya gagara, ruwan tsamiya ake jiƙawa a ce an sha.

Kai, mun ga rayuwa a wannan damina. Da sassafe mu fita tsinkar tafasa da rama, raɓa ta jiƙa mu har ƙugu. Daga nan mu bi gindin kaɗanya mu tsinci abin da ya faɗo kafin wasu su riga mu. Rana ta fito da zafi irin na bayan ruwa, mai tururi, ƙasa tana huci, ciki yana kuka, in ka duƙa ka ɗago sai ka ga duhu-duhu a idonka. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da la'asar. Ganye ne da ruwa da ɗan toka, ka ci ka tashi kamar ba ka ci ba. Yara suka daina wasa a dandali. Ga gari kore shar ko'ina, ga dawa tana tashi, amma ba abin da za ka kai baki sai nan da wata uku.

Abin da ya riƙe mu, dusa ce. Inna ba ta zubar da dusar da ke saura in ta tace giya. Shanya ta take yi a kan fa ta bushe ƙarau, ta zuba a randa saboda awaki da kaji. Wannan shekara awakin an sayar, kajin an cinye, aka bar mu da randa huɗu cike da dusa. Sai mu sake niƙa ta, mu tankaɗe, mu dafa da ganye. Tsami gare ta, ga wari, ga ƙaiƙayi yana kartar maƙogwaro, amma in ta sauka ciki tana zama. Ban san yadda labari ya fita ba, sai mata suka fara zuwa. Ba sa biyowa ta ƙofa. Da tsakar rana suke zuwa, lokacin da hanya ba kowa, su tsuguna a bayan danga su yi gyaran murya, da 'yar ƙwarya a ƙarƙashin zane. Ni ce mai ɗiba ina miƙawa. Na miƙa wa matan gari, na miƙa wa matan masu bi. Wata rana na leƙa sai na ga Yaya Saratu, matar Malam Istifanus da kanta, da goyonta, gashin yaron ya yi ja ya kwanta. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Daga ranar kusan kullum sai ta zo. A gida cewa take yi dusar gero ce take samowa wurin Hausawa a kasuwar Jalingo, shi kuwa Malam ya rufe ido ya yi addu'ar godiya ya ci.

Inna ta kira ni ta ja mini kunne. Da yarenmu ta faɗa, ina juya muku ne.

"Wadda ta zo ta bayan danga, idonki bai gan ta ba, bakinki bai san ta ba. Ranar da kika kira sunan ɗaya, ki nemi wata uwar."

Muna gama noman fari sai ƙafar Inna ta kumbura. Kurkunu ne, ya fito mata a idon sawu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da saninsa. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, tana huda fata ta leƙo. Ba a jan ta da ƙarfi. Tsinke ake samu a naɗe ta a kai, kullum kaɗan, kullum kaɗan, wata rana ko gaɓar yatsa ba ta fitowa. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta shiga uku. Haka na samu sabon aiki. Safe in tsoma ƙafar a ruwa, in murza tsinke a hankali, Inna tana cizon zane, sannan in ɗauki fartanya in tafi gona.

To, ina ni ina gonar Inna ni kaɗai da cikin dusa? Lokacin maimai ya yi, noma na biyu ke nan, wanda in ka rasa shi ka rasa shekara. Ciyawar harƙiya ta taso ta kai wa dawa wuya, ganyen dawar ya fara yin rawaya. In nome kunya biyar yau, in dawo jibi in tarar da ta farko ta sake tsirowa tana yi mini dariya. Gayyar gari ba ta kiruwa, ba dawar da za a dafa giya, mazan ma suna bakin hanya. Sai na ce ai ina da 'yan'uwa. Ranar Lahadi bayan sujada, da ake rabon ranakun gayya, na miƙe na ce a sa gonar Inna a layi, tunda a gidanta nake ci, kuma tawa gonar ke nan bana.

Malam ya gyara wuyan rigarsa. Ya yi dogon bayani a kan tsarki, da fita daga cikin duniya, da yadda idon gari yake kanmu. Sannan ya yanke.

"Ba za mu sa hannunmu a dawar da za ta ƙare a tukunyar giya ba."

Ya ƙara da cewa in Inna ta yi alkawarin fasa tukwanenta, gobe-goben nan za a je. Mutane suka gyaɗa kai, har wani ya ce amin. Amin! Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, na san ƙwaryar gidan kowa, na san wadda aka ɗinke bakinta da wadda ta tsage. Na dubi cikin Malam a ƙarƙashin farar riga, na san abin da ke ciki, ni na auna shi jiya. Maganar ta zo mini har kan harshe, tana da zafi kamar garwashi. Yaya Saratu na zaune a gaba, ta sunkuyar da kai tana jan yatsun yaronta. Na haɗiye ta na zauna.

Na kai wa Inna saƙon. Don Allah ku ji abin kunya, har roƙonta na yi ta ce ta yarda ko da a baki ne, in an yi girbi a san abin yi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ko abin da ake koya mana ke nan a ajin. Ta ce ita ba za ta yi wa Allahn mutane ƙarya saboda fartanya ba. Ban sake tada zancen ba.

Alhamis ta zo, Littafi ya zo hannuna. Na saba karanta wa Inna da ƙarfi lokacin da nake murza tsinke, don ta ce muryar tana ɗauke mata hankali daga zafin. Karatuna na bin yatsa ne, harafi-harafi. Ranar na faɗa a wurin da ake maganar rana da ruwan sama, cewa Allah ba ya zaɓen gonar da zai yi wa ruwa, ta mai kirki da ta mugu duka yana jiƙawa, kuma wai haka ake so 'ya'yansa su zama. Na fassara mata. Ta yi tsaki ta ce wannan har sai an rubuta, wane manomi ne bai sani ba? Ni kuwa abin ya tsaya mini. Shekara uku ina haddace amsoshi, ban taɓa karanta wani abu ya kama ni haka ba. Na fita na tsaya a tsakar gida ina kallon hadari yana tasowa daga kan duwatsu. Ya bi ta kan gonar Malam, ya bi ta kan ta Inna, bai tsaya ya tambayi kowa abin da za a yi da dawar ba. Na koma na sake karantawa sau uku, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Da zafina na tafi gidan Malam, yatsana a kan wurin. Na ce ya karanta mini ya gaya mini ko ni ce ban gane ba. Bai ko duba ba. Ya ce wadda ba a yi wa baftisma ba ce za ta koya masa Littafi? Ya ce an ba ni shi don in shirya amsoshi, ba don in nemo abin gardama ba, ya zare shi daga hannuna tun ranata ba ta ƙare ba. Sannan ya faɗa mini labarin da ya iso. Bature zai zo jibi Asabar, ya matso da zuwansa don zai tafi ƙasarsu, kuma yana son ya ƙetare kafin koguna su cika. Gobe Juma'a za a wuni ana bita. Duk wanda bai zo ba, katinsa ya mutu, sai ya koma farkon aji.

Ga matsalar. Kwana biyu ke nan ruwa ya ɗan tsagaita, kuma duk tsofaffin gari sun ce marka na kan hanya, ruwan nan da ke yin kwana da kwanaki ba ya ɗaukewa. In marka ta sauka an gama noma, don ciyawar da ka cire za ta sake kamawa a inda ka jefar da ita. Kwanakin da suka rage wa gonar Inna su ne Juma'a da Asabar. Su ne kuma kwanakin da suka rage wa Rahila.

Inna ta ce in tafi ajina, gona tata ce. Ni kuwa da ma abin da nake son ji ke nan. Wannan ɓangaren ba Malam nake jin haushi ba, kaina nake ji. Na murza mata tsinke a gurguje, na ɗaura zanena mai kyau, na tafi aka huda mini kati. Na wuni ina ba da amsoshi kamar aku, Malam har yana yaba mini. Da la'asar na dawo na tarar da tabarma ba kowa, fartanya ma ba ta wurinta. Na bi sawu. Ba sawun ƙafa ba ne, jan gindi ne, tun daga ƙofar gida har bakin gona. Na same ta zaune cikin ciyawa tana sara da hannu ɗaya, ta gama kunya biyu da rabi. Tsinken ya maƙale a wani kututture a hanya, tsutsar ta tsinke ta koma ciki. Ƙafar ta riga ta fara sheƙi. Na goya ta muka dawo, ba nauyi ko kaɗan, tana ta faɗa wai na katse mata aiki.

Asabar da safe na ɗauki fartanya da kati na biya ta gidan Malam. Ana ta share-share saboda Bature. Na miƙa masa katin. Ya ce in yi tunani, shekara uku ba wasa ba ce, Shaiɗan ne yake son ya fizge ni a bakin ƙofa. Yaya Saratu na tsaye a bayansa da tukunya a hannu. Allah ya sani, in da ba don kunnen da Inna ta ja mini ba, da ranar sai duk Kona ta ji. Abin da na iya fitarwa ke nan.

"Malam, ka ci abinci jiya?"

"Na ci, godiya ga Allah."

"To, ka ƙara godiya."

Na tafi gona. Rana ta buɗe kamar da gayya, ba ko iska. Ina sara ina kuka, ina faɗa da Allah da babbar murya, don ba wanda zai ji ni sai shi. Na ce masa ga abin da ya rubuta, ga abin da mutanensa suka yi, shi ya san wanda ya yi ƙarya. Ina jin lokacin da aka buga tsohuwar garmar da muke ratayewa a bishiya a madadin ƙararrawa. Na san Bature ya iso, na san an jera 'yan aji a benci. Na ci gaba da sara, ƙasa tana manne wa fartanya, gumi yana shiga mini ido.

Rana ta kusa tsaka sai na ji ƙarar wata fartanya a bayana. Na waiga. Yaya Saratu ce, ta ɗaure goyonta tamau, da wasu mata biyu 'yan ajinmu waɗanda su ma yau ce ranarsu. Yaya Saratu ce ya kamata ta dafa wa Bature abinci, ita ce mai riƙe wa mata zane in sun fito daga ruwa. Ba ta gaishe ni ba.

"Daga ina za mu kama?"

Na nuna musu da fartanya. Muka jeru mu huɗu muka duƙa, har lokacin da muka jiyo waƙa tana tasowa daga rafi, ɗaya daga cikin matan ta tsaya ta share ido da gefen zane, ta koma ta duƙa. Daga baya na ji cewa bayan fitata Yaya Saratu ta ajiye tukunyar a gaban mijinta ta gaya masa daga inda dusar take fitowa, da bakinta, a gaban masu shara. Kuna tsammani ya biyo ta da fartanya? Ina! Horo ya sa mata, wata uku tana zama a bencin baya, wai ta shigo da ƙazanta gidan mai bishara ta kuma kunyata shi a gaban Bature. Matan nan biyu aka kashe katinsu tare da nawa.

Mun ci ɗan fiye da rabin gonar kafin duhu. Washegari da rana marka ta sauka, ta yi kwana tara tana zuba, bango yana jiƙewa, itace ya ƙi kamawa, kwaɗi har cikin ɗaki. Sauran rabin ciyawa ta cinye muna kallo. In da gayya ta zo ranar da na roƙa, da wuni ɗaya ya isa, da Inna ba ta ja gindi zuwa gona ba. Na juya wannan lissafi a raina shekara da shekaru, kullum amsa ɗaya yake ba ni.

Ƙafar ta ruɓe. Ta zama gyambo har gwiwa, wari ya hana maƙwabta shigowa. Ni kuwa na daina zuwa sujada, na ce ni da su har abada. Abin da ya hana ni tafiya gaba ɗaya, Yaya Saratu ce. Duk Alhamis sai ta zo, ta ƙofa yanzu, ba ta bayan danga ba, da Littafi a ɓoye cikin zane, ta ce ranata ce, ba wanda ya isa ya kashe ta. Ta zauna ta ɗora ƙafar Inna a cinyarta tana wankewa da ruwan ɗumi, ni ina karatu da yatsa, Inna tana katse mu da tambayoyi da tsaki. In mun kai wurin da ya fi ƙarfinmu sai mu uku kowa ta yi ta juya shi a ranta. A ɗakin nan mai wari na koyi abin da na sani na bangaskiya. Ban koye shi a benci ba.

Aka yi girbi, muka samu abin da muka samu. Malam Istifanus ya sami biyan bukatarsa, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunyar giya ba, don mai tukunyar ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba. Inna ta sa aka kai wa kowace cikin matan nan uku dami ɗaya. Ta sa aka ware na huɗu ta ce a kai wa Malam, ya ɗanɗani dawarta sau ɗaya ba a tace ba. Na so ya dawo da shi, da na ɗan ga girmansa. Karɓa ya yi, ya sanar a sujada cewa an kawo wa ikilisiya baiko, wai kyautar Allah ce. Bai taɓa taka ƙofarmu ba, bai taɓa cewa a yi haƙuri ba. Inna ta rasu da bazara, kafin mijina ya dawo daga aikin hanya. Cikin masu bi, matan nan uku ne kaɗai suka zo jana'izar.

Na koma aji daga farko, sabon kati, sabon huji, wata shekara uku a gaban mutumin nan, ina kallon ƙusarsa. Ba don shi na koma ba. An ce in gafarta, na kuwa yi ta gafartawa, amma duk damina in na ji warin ciyawa sai in tarar da sauran aiki.

Na gaya wa matar Fasto zan zo ranar Laraba, amma ta gargaɗi matan, ba ɗaya, biyu, uku zan kawo musu ba. Ta yi dariya ta ce ba komai, Kaka. Da za ta tashi sai ta tambaye ni abin da ta daɗe tana son tambaya, wai me ya sa duk tsofaffin ikilisiya suna da sunayen Littafi, ni kaɗai ce ba ni da shi.

Ranar baftismata ruwa ya kai mini ƙugu, wani sabon Bature na riƙe da kafaɗata, Malam Istifanus na gefe yana fassara. Aka tambaye ni sunan da na zaɓa. Malam bai jira ni ba, ya ce Rahila, don ya san shi tun shekara shida. Na ce a'a. Ya ce in yi sauri, mutane na jira, wane suna ke nan?

"Talatu," na ce. "Wanda mai giya ta sa mini."

Ya tsaya yana kallona, ya ƙi fassarawa. Bature ya tambaye shi me na ce. Daga bakin rafi Yaya Saratu, da zane a buɗe a hannunta tana jirana, ta ɗaga murya ta maimaita sunan yadda kowa zai ji. Da shi aka tsoma ni.